Ciwon Baya Mai Naci: Matsalar Da Ke Durƙusar Da Majiya Ƙarfi A Ƙasar Katagum

A ƙasar Katagum, tun daga Azare har Gamawa da Shira da tsohon garin Katagum, da wuya a sami gidan da babu mai kuka da bayansa. Manomi yana wuni a sunkuye bisa fartanya, ɗan dako yana saɓa buhun gero ko na riɗi mai nauyin kilo 100, mace tana daka da goyo a bayanta, direba kuwa yana kwana zaune a kan hanyar Kano zuwa Potiskum. Galibi ciwon yakan tafi da kansa cikin 'yan makonni. Amma akwai wanda ke naci, ya wuce wata uku, ya hana magidanci noman damina, har abincin shekara ya gagari gida.

Wannan matsala ba ta Katagum kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, ana kuma tsammanin adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. Babu wata cuta da ta fi shi nakasa mutane daga ayyukansu.

A kwankwason ɗan Adam akwai ƙasusuwa 5 da aka jera bisa juna, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai rage girgiza, ga nama da jijiyoyi sun ɗaure su. Likitoci sun tabbatar cewa cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 9 ba a samun wata cuta takamaimai da za a ce ita ce sanadi. Watau ƙashin bai karye ba, lakar ba ta lalace ba. Gajiyar nama, da yawan aiki iri ɗaya, da ƙarancin barci, da damuwar zuciya su ne kan haɗu su riƙe ciwon.

Inda Ake Kuskure

Mutane da yawa sukan ɗora ciwon baya a kan basir ko sanyi, sa'an nan su shafe watanni suna shan jiƙe-jiƙe. Waɗansu su je wurin wanzami a yi musu ƙaho ko tsaga. Mafi yawa kuwa kemis suke nufa a ƙulla musu haɗi, watau ƙwayoyi iri uku ko huɗu waɗanda mai sha bai san sunansu ba. Sau da yawa a cikin haɗin akwai daikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci har da deksametazon. Na farkon biyu suna rage zafi, gaskiya ne, amma in aka daɗe ana shan su kullum sukan jawo gyambon ciki da zubar jini, su kuma raunana ƙoda. Na ukun yakan tayar da hawan jini da ciwon suga, ya sa ƙashi ya yi rauni. Ta haka wanda ya fara da ciwon baya sai ya ƙare da ciwon da ya fi shi tsada.

Tiramadol ya fi dukkansu haɗari, domin yana ɓoye gajiya har mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, daga nan jiki ya saba, ya kasa rabuwa da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, akasarinsu tiramadol.

Kuskure na gaba shi ne doguwar kwanciya. A da likitoci da kansu sukan ce mai ciwon baya ya kwanta a kan katako har ya warke. Yanzu an gane cewa kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu tana saki naman baya, ciwon ya daɗa zama. Haka nan kuma ba kowane mai ciwon baya ne ke bukatar hoton ƙashi ba. Mutane masu yawa da suka haura shekara 40 in aka ɗauki hotonsu za a ga alamun zaizayewa alhali kuwa lafiyarsu ƙalau, saboda haka hoton yakan cinye kuɗin taki, ya bar mutum da fargaba.

Alamomin Da Ba A Wasa Da Su

Duk da haka, akwai mutum ɗaya cikin goman nan wanda ciwonsa ke da tushe, shi kuwa jinkiri ne babban abokin gabansa. Lalle ne a garzaya asibiti idan ƙafafu suka fara sanyi ko mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba ba da sanin mutum ba, ko tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi. Haka kuma idan ciwon ya zo da zazzaɓi, da zufar dare, da rama, ko ya biyo bayan faɗowa daga bishiya ko haɗarin babur.

Babbar cutar da ake tsoro a wannan yanki ita ce tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar cutar takan bar huhu ta sauka cikin ƙashi ta yi ta cinsa a hankali, har ƙusumbi ya fito, ƙafafu su shanye, kuma sau da yawa babu ko tari. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, amma ana ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati, wanda ya fara da wuri kuma ya sha har ƙarshe yakan warke. Makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba suna iya ɗaukar wata cuta daga shanu, mai kawo zazzaɓi da ciwon baya. Ga dattawa maza, sankarar mafitsara ma takan fara bayyana ta baya. Ɗori da ƙaho ba sa warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin Da Ke Taimako

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodinta na farko kan kula da ciwon kwankwaso mai naci. Ta ce a fara da fahimtar da majinyaci halin da yake ciki, a sa shi motsa jiki bisa tsari, a haɗa da tausa, a kuma taimake shi ya rage tsoro da damuwa. Ta yarda da maganin rage zafi na ɗan lokaci bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Ta hana ɗaura ɗamarar baya, da jan ƙashi da na'ura, da magunguna dangin tiramadol.

A aikace, wannan yana nufin manomi ya riƙa miƙewa yana taka 'yan taku bayan kowane ɗan lokaci maimakon ya gama kunya goma a sunkuye. Ɗan dako ya raba kaya biyu ko ya nemi baro, in zai ɗaga kuwa ya durƙusa ya rungumo kayan kusa da jiki. Tela da direba su riƙa tashi suna zagayawa. Tafiya a ƙasa ta minti 30 kullum, da isasshen barci, da barin taba, da rage ƙiba, magani ne da ba ya cin ko kwabo. Ciwon yakan tafi ya dawo, dawowarsa kuwa ba ta nufin wani abu ya ƙara lalacewa.

Inda Za A Nufa

Matakin farko shi ne asibitin da ke kusa, domin a tantance ko akwai ɗaya daga cikin alamomin nan. Asibitin tarayya da ke Azare shi ne babbar madogarar mutanen arewacin Jihar Bauchi, daga nan kuma akan tura masu bukatar aiki zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kaɗan ne ƙwarai cikin masu ciwon baya ke bukatar tiyata.

Cikas ɗin shi ne ma'aikatan gashin ƙashi sun taru a manyan asibitoci, alhali masu ciwon suna ƙauyuka. Mutumin da zai biya kuɗin mota daga Zaki zuwa Azare sau biyu a mako ba zai jure ba, kemis ɗin unguwa zai koma. Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021 tana da damar toshe wannan giɓi, in ta haɗa kai da ƙananan hukumomi aka koya wa ma'aikatan asibitocin karkara da masu kemis yadda za su gane alamomin haɗari, su kuma nuna wa jama'a motsa jikin da ya dace. Kafin nan, wajibi ne kowane magidanci ya tambayi sunan ƙwayar da aka ba shi kafin ya haɗiya. Allah ya ƙara mana lafiya.