A Kai Gangar Noma Makaranta

'Yan'uwa manoma, a Dalijan ta ƙasar Gwandu kowa ya san gayya ba ta armashi sai da gangar noma. Makaɗi na kiɗa, garma na tafiya bai ɗaya. To, makaɗan sun tsufa, yara kuwa suna makaranta. Wa zai gaje su?

Yaron da ya koyi kiɗa da waƙa a aji yakan koyi sauraro da haƙuri da aiki tare, abin da ke riƙe ƙungiya ke nan. Kada a raina sana'ar, gama a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa.

Ku haɗa kuɗi ku sayi ganga biyu, ku roƙi hedimasta ya riƙa gayyato tsohon makaɗi kowane mako.