Itacen Da Ya Zama Dutse: Wa Zai Tsare Shi?

Matafiyin da ya bar Ƙauran Namoda ya nufi Shinkafi yakan tsallake wata iyaka wadda babu ita a taswirar mulki. A Ƙaura da Zurmi, ƙasa tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Da an doshi Shinkafi kuwa, sai dutsen nan ya nutse, yashi da tsakuwa da yumɓu su hau kansa. Nan ne bakin Kwarin Sakkwato.

Masana ilmin duwatsu suna kiran wannan shimfiɗa Gundumi, sunan wani ƙauye a Jihar Sakkwato. Koguna ne suka zuba ta fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma a cikinta ake samun gumagumai da suka zama dutse. Ga yadda abin ya faru: ambaliya ta binne itace, iska ba ta kai gare shi ba balle ya ruɓe, sai ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya riƙa ratsa shi sannu a hankali, har ya cike ƙwayoyin halittarsa. Idan aka yanki ɓallinsa siriri aka duba da madubin ƙara girma, sau da yawa akan ga hanyoyin da ruwa ke bi a jikinsa tun yana tsaye. Wannan shimfiɗar ce kuma ke riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatse ke zuƙowa.

To, wa ke da alhakin tsare ta? Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa albarkatun ƙarƙashin ƙasa ga Gwamnatin Tarayya. Amma Abuja da nisa take. Dokar filaye ta 1978 kuwa ƙaramar hukuma ta ba ikon ba da izinin mallakar fili a karkara, kuma hakimi da dagaci sun san kowane rami da ake ɗibar tsakuwa. Mai lodin tifa bai san bambancin gungumen shekara miliyan 100 da sauran duwatsu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Zamfara ta riga ta ɗanɗana haƙar da babu mai sa ido: gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum a 2010.

Tun 2015 hukumar UNESCO ke karrama wuraren tarihin duwatsu, irin su Ngorongoro Lengai na Tanzaniya a 2018, bisa sharaɗin hukumomin yankin da mutanen gari su kasance cikin masu gudanarwa. Kafin a yi wannan dogon buri, akwai aikin da bai fi ƙarfin sakatariya ba: a rubuta wuraren a littafi, a daina yanka su ga masu ɗibar tsakuwa, a ajiye samfuri a ɗakin kimiyya na kowace sakandare. Rashin tsaro ya hana kai ɗalibai daji, gaskiya ne, amma bai hana buɗe rajista ba. A Yulin 2024 ma Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.