Warware faifan sauti mai kusurwa huɗu da kwamfuta

Warware faifan sauti mai kusurwa huɗu shi ne aikin fitar da kafofin sauti huɗu daga rikodin mai kafa biyu wanda aka cusa su a ciki, ta hanyar amfani da manhajar tace sauti. Kafofin su ne gaba ta hagu, gaba ta dama, baya ta hagu da baya ta dama, kowace da lasifikarta. Galibi ana yin aikin ne a kan faya-fayan garmaho na shekarun 1970, waɗanda na'urorin warware su na asali suka yi wuyar samu.

Tarihi

Ramin faifan garmaho bango biyu gare shi, don haka kafa biyu yake ɗauka, hagu da dama. A shekarar 1969 Peter Scheiber, ɗan Amurka, ya nuna dabarar gauraya kafofi huɗu su koma biyu, sannan a sake raba su a gidan mai sauraro. Ana kiran dabarar matiris, ko 4-2-4. Kamfanoni suka fito da tsare-tsare masu gogayya da juna. CBS ya fitar da SQ a 1971, wanda Benjamin Bauer ya jagoranci ƙirƙirarsa, Sansui na Japan kuma ya fitar da QS. Kundin The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya fito a tsarin SQ a Birtaniya.

Tsarin CD-4 na JVC da RCA ba matiris ba ne. Yana ajiye ƙarin bayanin a kan wata igiya mai mita 30 kHz, kuma hanyar warware shi daban ce. Rashin jituwar tsare-tsaren da tsadar kayan ya durƙusar da kasuwar kafin ƙarshen shekarun 1970, amma dabarar matiris ta ci gaba a silima da sunan Dolby Stereo.

Yadda SQ yake aiki

A SQ, sautin gaba ta hagu yana shiga kafar hagu kai tsaye, na gaba ta dama yana shiga kafar dama. Sautin baya kuwa ana rage ƙarfinsa zuwa 0.707, a zuba shi a kafofin biyu duka, amma da bambancin digiri 90 tsakanin igiyoyinsu, wato kwatan zagaye ɗaya. Wace kafa ce ke gaba da 'yar'uwarta a wannan bambanci, shi ke nuna ko sautin na baya ta hagu ne ko na baya ta dama.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Karkatar da igiya digiri 90 ba jinkirta ta ba ne. Kwatan zagayen sauti mai mita 100 Hz ya ninka na mai 1,000 Hz sau goma a tsawon lokaci, saboda haka jinkiri guda ba zai dace da dukkan mitoci ba. Ana bukatar lissafin da ake kira sauyin Hilbert, wanda ke karkatar da kowace mita daidai wa daida. Kwamfuta ta fi tsofaffin na'urori iya wannan, domin su kwatantawa kawai suke yi.

Aikin a manhaja

Da farko ana kwafe faifan zuwa kwamfuta a tsarin da ba ya zubar da bayani, kamar WAV ko FLAC. A manhaja irin Audacity ko Adobe Audition, kafofin asali biyu su ne za su zama na gaba. Don samun baya ta hagu, ana karkatar da kwafin kafar hagu digiri 90, a kifar da kwafin kafar dama, a rage kowanne da desibel 3, sannan a haɗa su. Baya ta dama ana samun ta da kwafin hagu yadda yake, haɗe da na dama da aka karkatar digiri 90 ta ɗaya ɓangaren. Idan aka juya alkiblar karkatarwar, lasifikokin baya za su yi musayar wuri. A ƙarshe ana adana kafofin huɗu a fayil guda.

QS yana amfani da wasu alƙaluma, 0.924 da 0.383, don haka faifan QS da aka warware da lissafin SQ zai jefa kayan kiɗa inda ba a ajiye su ba.

Iyakar dabarar

Abu huɗu da aka narkar zuwa biyu ba ya komawa huɗu cif. A warwarewar SQ mai sauƙi, hagu da dama suna rabuwa sosai, amma tsakanin gaba da baya desibel 3 ne kacal, har muryar mawaƙin da ke tsakiyar gaba takan fito ta baya. Shi ya sa aka ƙera na'urori irin Tate DES da Vario-Matrix na Sansui, masu gano inda sauti mafi ƙarfi yake su danne yoyonsa a sauran lasifikoki. Manhajojin zamani suna yin haka mita bayan mita, ko da yake idan aka matsa musu sautin yakan riƙa rawa.

Ingancin kwafin farko ma yana da tasiri. Allurar da ta karkace ko kafofin da ƙarfinsu bai daidaita ba suna ɓata bambancin igiyoyin da duk lissafin ya dogara a kai, haka nan fayil ɗin MP3 da aka matse ƙwarai.