Ina Ya Kamata Fitilar Ƙawa Ta Tsaya A Bisa Teburin Cin Abinci?

A biranenmu na yau, da wuya mutum ya shiga sabon gidan mai hali bai tarar da fitilar nan mai rassa, wadda a ke kira shandaliya, tana reto a bisa teburin cin abinci ba. Maigida ya kan zuba kuɗi masu yawa wajen sayenta, amma ranar da za a rataye ta sai ya bar wa mai haɗa wuta ya yanke tsawon sarƙar yadda ya ga dama. Abin da ke biyo baya kuwa ɗayan biyu ne: ko dai fitilar ta maƙale can jikin silin, haskenta ya watse, tebur ya zauna cikin duhu-duhu, ko kuma ta sauko ƙasa ainun har ta tsaya tsakanin maigida da baƙonsa, kowa na leƙen ɗan'uwansa ta gefen gilashi.

Wannan al'amari yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. Muhimmin abin da mai karatu zai fara sani shi ne, daga fuskar tebur a ke fara awo, a haura zuwa mafi ƙasan abin da ke lilo a jikin fitilar. Ba a farawa daga silin, ba a kuma farawa daga daɓe, domin fitilar ta masu cin abinci ce.

Awon da masana suka tsayar

Masu aikin ƙawata ɗaki sun daɗe da daidaitawa a kan cewa, idan tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin ƙafa 8 ne, to a bar tazarar inci 30 zuwa 36 tsakanin tebur da gindin fitila, watau santimita 76 zuwa 91. In ɗakin ya fi haka tsayi, sai a ƙara inci 3 a kan kowace ƙafa guda da ta ƙaru. Ke nan ɗaki mai ƙafa 9 zai so inci 33 zuwa 39, mai ƙafa 10 kuwa inci 36 zuwa 42. Wannan ƙari ya shafe mu ƙwarai, ganin cewa magina a ƙasar nan su kan ɗaga silin saboda zafi, har ya kai mita 3, wanda ya yi kusa da ƙafa 10.

Bari mu buga misali. Ɗaki mai ƙafa 10 yana da inci 120. Teburin cin abinci galibi tsayinsa inci 30 ne. A cire wannan, a kuma cire tazarar inci 36, saura inci 54. Idan jikin fitilar kansa ya ci inci 24, to sarƙa da ƙugiya za su ɗauki inci 30 da suka rage. Wanda ya yi wannan ɗan lissafi tun kafin ya tafi kasuwa, ba zai sayo fitilar da ta fi ƙarfin ɗakinsa ba.

Dalilin wannan awo

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko da ya haifar da wannan awo shi ne idon mai zama. Babban mutum in ya zauna a kujera, idonsa bai cika wuce inci 20 daga fuskar tebur ba. Saboda haka fitilar da ta tsaya a inci 30 ta bar sarari isasshe, kowa na ganin fuskar wanda ke fuskantarsa, ana kuma iya miƙa kwano ko tire ba tare da an bugi gilashi ba.

Na biyu shi ne halin haske kansa. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa idan aka ninka nisan da ke tsakanin ƙwan fitila da abin da ya ke haskawa, hasken da zai sauka a kan abin ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Watau fitilar da aka ɗaga daga inci 30 zuwa inci 60 ta yi asarar kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ta ke zubawa kai tsaye a kan tebur, alhali kuɗin wutar da ta ke sha bai ragu da ko kwabo ba.

Na uku shi ne ƙyalli. Ƙwan da ba shi da marufi, in ya sauko daidai saitin ido, ya kan kashe ido ya hana sakewa. Wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak, Poul Henningsen, ya shafe shekaru yana fama da wannan matsala, har a shekarar 1958 ya fito da fitilar da a ke kira PH 5, mai faɗin santimita 50, wadda marufanta ke ɓoye ƙwan ta kowace fuska. Irin wannan fitila ana iya sauko da ita ƙasa da inci 30 ba tare da ta dami kowa ba. Amma shandaliya mai ƙwayaye a fili, gara a kai ta ƙarshen awon na sama.

Yana da kyau a tuna cewa asalin wannan fitila ta kyandir ce, sunanta ma daga kalmar kyandir ya fito a harshen Faransanci. A majami'u da fadojin Turai na dā, da igiya ko sarƙa a ke sauko da ita a kunna kyandirori, sa'an nan a ja ta sama. An yi ta ne domin manyan zaurukan da mutane ke kai da kawowa a ƙarƙashinta. Wadda ke fadar Dolmabahce a birnin Santambul, alal misali, nauyinta ya kai tan huɗu da rabi, tana kuma ɗauke da fitilu 750. Wanda ya ga hoton irin waɗannan ya ce zai kwaikwayi tsayinsu a ɗakin cin abincinsa, ya manta cewa aikinsu daban ne.

Faɗi da matsayi

Fitilar da ta tsaya inci 30 zuwa 36 a bisa tebur, tsakaninta da daɓe ƙafa 5 ne zuwa 5 da rabi. Wannan bai kai tsayin dogon mutum ba, balle a ce ya sa hula ko ya naɗa rawani, ko uwargida ta kafa ɗaurin gwaggwaro. Abin da ke kare kai daga karo shi ne teburin. Don haka wajibi ne faɗin fitila ya kasance rabi zuwa kashi biyu cikin uku na faɗin tebur, a kuma bar aƙalla inci 6 ta kowane gefe. Tebur mai faɗin inci 42 zai dace da fitila mai inci 21 zuwa 28. Dogon tebur mai cin mutum takwas ko goma kuwa, fitila doguwa ko ƙanana guda biyu a jere sun fi masa babba guda ɗaya.

Kazalika, tsakiyar tebur a ke bi, ko da ba ta zo daidai da tsakiyar ɗaki ba. Sau da yawa a kan fitar da waya a tsakiyar silin tun ana gini, kafin a san inda tebur zai zauna. Maganin wannan shi ne a kafa ƙugiya ta biyu a saitin tebur, a ja sarƙar zuwa gare ta. In kuwa gidan irin wanda a kan janye tebur ne a shimfiɗa darduma ranar suna ko biki, to ƙa'idar ta canza: duk inda mutane za su ratsa ta ƙarƙashin fitila, sai a bar ƙafa 7 daga daɓe. Haka kuma a nisanta ta da fankar sama, domin iska na kaɗa gilasan, fukafukan fanka kuma in suka gitta ta gaban haske sai ɗaki ya riƙa walƙiya.

Abin da ke riƙe da ita

A nan ne maganar ta wuce ta ado, ta zama ta tsaron rai. Silin na filasta da na roba da na kwali, ba ɗaya daga cikinsu da aka yi domin ɗaukar kaya. Dole ƙugiyar ta ratsa su ta kama katakon rufi mai ƙwari, ko ta shiga cikin kankaren dekin. Wayar wuta kuma ba igiyar rataya ba ce. Sarƙa ce za ta ɗauki nauyi, waya ta bi ta cikinta a sake. A Amurka, dokar aikin lantarki ta ƙayyade cewa fitilar da ta wuce fam 50, watau kimanin kilo 23, sai an yi mata matokari na musamman. A shekarar 1896, a babban gidan wasan waƙe na birnin Paris, ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyin shandaliyar zauren ya tsinke, ya faɗo cikin 'yan kallo, ya kashe mace guda. Rigakafi dai ya fi magani.

Shawarar ƙarshe ga maigida ita ce, kada ya yarda a datse sarƙa ko waya sai an gwada. A ajiye tebur a mazauninsa, a kashe wuta daga babban makunni, a rataye fitilar na wucin gadi a inci 33. Sa'an nan mafi tsawo da mafi gajarta a cikin iyali su zauna suna fuskantar juna, a kunna ta bayan faɗuwar rana. In suna ganin juna sarai, ƙwan bai soki idon kowa ba, abin da ke cikin akushi kuma ya fito fili, to an dace. In ba haka ba, a rage zoben sarƙa ɗaya ko a ƙara, a sake dubawa. A kuma naɗe ragowar wayar a ɓoye ta cikin marufin silin, saboda ranar da za a canza tebur.