Cinikin Biri a Sama: Bayani Game da Sayen Tokin na Kamfanonin Riƙon Amana

Duk wanda ya taɓa shiga karar Potiskum ran kasuwa ya san ciniki ba ya tafiya sai da amana. Wannan kasuwa tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, daga cikinta ne ake cika manyan motoci zuwa Ibadan da Legas da Fatakwal. Mai saye yakan zo daga nesa, bai san mai shanu ba, mai shanu kuma bai san shi ba. Dillali ne ke haɗa su, ya karɓi la'adarsa. A can Kudu kuwa, tun zamanin da ake kora shanu a ƙasa, fatoma, watau mai masauki, shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi. In mahaucin ya ƙi biya, fatoma ake kamawa, don kuwa an san gidansa, an san iyalinsa, kuma abincinsa yana cikin kyawun sunansa.

To, yanzu wani sashe na ciniki ya koma cikin wayar hannu. Saurayi yana zaune a Ngojin, cikin ƙasar Potiskum, sai ya ga hoton keken ɗinki ko na waya a wurin wani ɗan kasuwa a Legas. Wa zai fara sakin nasa? In mai saye ya fara aika kuɗi, yana tsoron kada a kashe waya a bar shi da hamma. In mai kaya ya fara aika kaya, yana tsoron saƙon banki na jabu. Maganin wannan shi ne a sami na uku, wanda zai riƙe kuɗin har kaya su isa, sa'an nan ya miƙa wa mai su. Wannan shi ne riƙon amana, kuma bukatarsa gaskiya ce, ba mai musu.

Ta wannan ƙofa ce waɗansu mutane ke shigowa. Sukan aiko da saƙo ta WhatsApp ko Telegram, su ce sun kafa kamfanin da zai yi wannan aiki na riƙon amana da na'ura, ba dillali, ba fatoma. Sai dai, in ji su, kamfanin bai fara aiki ba tukuna, yana neman jari, saboda haka yana sayar da wani abu da ake kira tokin a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya saya yau da araha, gobe in kamfani ya bunƙasa zai sayar da tsada. An rubuta wannan ɗan littafi ne domin mai karatu ya gane abin da ake tallata masa kafin ya kwance lalitarsa.

Mene ne tokin?

A cikin shekarar 2009 aka fara kuɗin intanet mai suna Bitcoin. Ba takarda ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Lissafi ne da ke rubuce a cikin wani babban kundi wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a ƙasashe daban-daban, ta yadda ba mai iya goge abin da aka rubuta. A cikin 2015 aka buɗe wani kundin mai suna Ethereum, wanda ya ba kowa damar ƙirƙiro nasa kuɗin a kansa. Irin wannan kuɗi da wani ya ƙirƙira a kan kundin wani shi ne tokin. Ƙirƙirarsa ba ta bukatar ma'aikata ko ofis. Yaro ɗaya da ya iya kwamfuta yana iya fitar da ƙwaya miliyan dubu tsakanin azahar da la'asar, ya raɗa musu sunan da ya ga dama.

Ya kamata a bambanta tokin da hannun jari. Wanda ya sayi hannun jari a kamfani mai rajista ya mallaki wani yanki na kamfanin, yana da rabo a ribarsa, yana da bakin magana a taron shekara. Mai tokin kuwa, galibi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunsa alkawari ne kawai, cewa wata rana za a yi amfani da tokin ɗin wajen biyan ladan aikin kamfanin. Ya yi kama da mutumin da aka sayar wa tikitin mota alhali ba a sayi motar ba, ba a kuma share hanyar ba.

Abin da ya faru a shekarar 2017

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A cikin 2017 da farkon 2018 ɗaruruwan kamfanoni a duniya sun tara kuɗi ta hanyar sayar da tokin, da yawansu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai guda ɗaya da ya dace da maganarmu ƙwarai, sunansa Confido. Abin da ya yi alkawari shi ne ainihin riƙon amana tsakanin mai saye da mai sayarwa: na'ura za ta riƙe kuɗi, ta bi sawun kaya, in sun isa ta saki kuɗin. A farkon watan Nuwamba na 2017 ya sayar da tokinsa, ya tara kimanin dala 375,000. A ma'aunin wancan lokaci wannan kuɗi kaɗan ne, kuma ƙanƙantarsa ma tana cikin abin da ya ja hankalin masu saye, domin suna ganin ƙaramin abu ya fi saurin ninkawa.

Da fari kamar gaskiya. Ran 14 ga watan farashin ƙwaya ɗaya ya haura dala ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai shugabannin kamfanin suka ba da sanarwa wai sun shiga wata matsalar shari'a, daga nan suka rufe shafinsu na intanet, suka goge adireshinsu na Twitter da Facebook, suka yi layar zana. Farashin ya faɗo zuwa wajen santi 2. Tsakanin sayarwa da ɓacewa ba a cika mako uku ba. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka ce za su riƙe wa duniya amana, su ne aka fara ba amana ba tare da shaida ko jingina ba.

Ba a ce duk mai sayar da tokin ɓarawo ne ba. Amma ko da niyyarsa tagari ce, akwai tambayoyin da tilas ne ya amsa, mai hankali kuma ba zai ji kunyar yin su ba.

Ta farko ita ce: ina amfanin tokin a cikin wannan aiki? Riƙon amana ba ya bukatar sabon kuɗi. Ana iya yinsa da Naira, a asusun banki, kamar yadda lauyoyi kan riƙe kuɗin cinikin gida har a gama takardu. Hasali ma tokin ɓata aikin yake yi. Mai riƙon amana ana so ya mayar da abin da aka ba shi daidai, ba ragi ba ƙari. In mai hatsi a Potiskum ya sayar da buhu ɗari na gero, aka ajiye kuɗinsa cikin tokin na kwana huɗu kafin mota ta isa, farashin tokin kuma ya faɗi da rabi a cikin kwanakin nan, wa zai cika masa? Ɗan kasuwa na gaske ba zai yarda da wannan ba. In kuwa 'yan kasuwa ba su karɓa ba, to, ba mai bukatar tokin ɗin sai masu jiran wani ya zo ya saya daga hannunsu.

Ta biyu ta fi wannan nauyi. Masu talla sukan ce yarjejeniyar tana zartar da kanta, ba hannun ɗan Adam a ciki. Gaskiya ne na'ura tana iya kulle kuɗi ta kuma sake su. Amma na'ura ba ta da ido a tasha. Ba ta san ko bijimin da aka loda shi ne aka sauke ba, ko ya karye a hanya, ko buhun da aka ce wake ne rabinsa tsakuwa ce. Tana iya samun labari cewa kwali ya isa, amma ba ta san ko waya ce a ciki ko sabulu ba. Dole wani mutum ya gaya mata, in kuma gardama ta tashi dole wani mutum ya raba. Ashe dai an koma wurin dillali. Bambancin kawai shi ne, dillalin kara ana iya kai ƙararsa wurin shugabannin kasuwa ko gaban alƙali, wannan kuwa ba a san ko a wace ƙasa yake kwana ba.

Sai maganar fita, wadda ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Alal misali, a ce kamfani ya ƙirƙiri ƙwaya miliyan 100, ya sayar wa jama'a miliyan 20 a kan Naira 5 kowace ɗaya, ya riƙe miliyan 80. Wani ya sa Naira 50,000, ya sami ƙwaya 10,000. Da yake kasuwar ƙarama ce, masu kamfanin suna iya saye da sayarwa tsakanin asusansu har farashi ya kai Naira 50. Mutuminmu ya duba waya ya ga Naira 500,000, har ya fara cinikin babur a zuci, ya kuma kira ƙanensa da surukinsa su shigo. Amma wannan adadi ba kuɗi ba ne, farashin ciniki na ƙarshe ne aka ninka da yawan ƙwayoyinsa. Ran da masu miliyan 80 suka zubo nasu kasuwa, su za su kwashe 'yan kuɗin da ke ciki, saura kuwa su nemi mai saye su rasa. Har ma akwai tokin da ake ginawa da gangan yadda za a iya saye amma ba a iya sayarwa. Haka aka yi da wani mai suna Squid a cikin 2021.

Abin da doka ta ce

Naira ce kaɗai kuɗin da doka ta wajabta wa kowa ya karɓa a Nijeriya. Ita eNaira da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a watan Oktoba na 2021 Naira ce, ba tokin na wani kamfani ba. A watan Fabrairu na 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, sa'an nan a watan Disamba na 2023 ya janye hanin, bisa sharaɗin kamfanin ya kasance yana da izinin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wadda aka fi sani da SEC. Ita wannan hukuma ta fitar da ƙa'idojinta a watan Mayu na 2022, inda ta wajabta wa mai son sayar wa jama'a tokin ya fara gabatar mata da cikakken bayanin kansa da na aikinsa. A watan Agusta na 2024 ta ba kasuwannin musaya biyu, Busha da Quidax, amincewar farko. A watan Maris na 2025 kuma Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin ikon SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga masu shirya tsarin nan na biyan na farko da kuɗin na baya.

Jama'a ba su manta da MMM ba, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ko CBEX da ya durƙushe a watan Afrilu na 2025. Mai sayar da tokin yakan ce nasa ba irin waɗancan ba ne, tun da bai yanka riba ba. To, a duba: in ana ba ka lada don ka kawo wani, in ana cewa saura kwana uku a rufe, in ana hana tambaya a cikin zauren, ɗan gidansu ne.

Har wa yau a kula da takardun da suke nunawa. Takardar rajistar kamfani ta Hukumar CAC shaida ce kawai cewa an yi rajistar suna, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Izinin SEC ma ba lamuni ba ne cewa za a ci riba. Kuma kuɗin da ke ajiye a bankin kasuwanci yana da inshorar Hukumar NDIC, wadda tun 2024 ta kai Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya in banki ya rushe. Tokin ba ya cikin wannan inshora ko ta anini. Kuɗin da aka aika ta kundin kirifto kuwa ba manajan da zai dawo da su, domin an gina kundin ne yadda abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Saboda haka wanda aka yi wa irin wannan talla, ya nemi cikakken sunan kamfanin, ya duba shi da kansa cikin jerin masu rajista a shafin SEC, kada ya dogara da hoton takardar da aka aiko masa. Hedkwatar hukumar tana Abuja, tana kuma da ofis a Kano. In sunan ba ya ciki, magana ta ƙare. In yana ciki, ya nemi a nuna masa ciniki ko da guda ɗaya da kamfanin ya riƙe amanarsa daga farko har ƙarshe, ya tambayi ƙwaya nawa masu kamfanin suka riƙe wa kansu da ranar da za su iya sayarwa. Kuɗin taki, da kuɗin makarantar yara, da zubin adashin mata, da abin da aka ranto, ba su da wuri a nan ko kusa.

Wanda kuwa ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin da aka aiko masa, da lambar asusun da ya zuba kuɗi, da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan da nan, sa'an nan ya kai ƙara wurin SEC ko Hukumar EFCC, wadda ke da ofisoshi a Maiduguri da Gombe da Kano. Ya kuma yi hattara da waɗanda za su biyo baya su ce za su ƙwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu tukuna, don sau da yawa mutanen farko ne suka sake suna suka dawo.