Baƙo raɓa ne, amma raɓa ma tana jiƙa mutum

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san ƴan yawon buɗe ido, waɗanda muke ce ma "turis". A da suna zuwa Damagaram su ga fadar Sarki da Birni. Ran Lahadi su biyo hanyar Mirriya, kilomita 18, su ci kasuwa, su sayi tuluna da tukwane.

Yanzu sun yi wuya. Tun tawayen 2007 a Ayar suka ragu. A 2020 kuma aka kashe mutum 8 a Kure, garin raƙuman dawa.

A wasu ƙasashe kuwa yawansu ne ya zama ciwo. A tsakiyar tsohon birnin Beniz na Italiya, ƴan gari ba su kai 50.000 ba, baƙi kuwa miliyoyi ne a shekara. A 2024 hukuma ta fara karɓar yuro 5, wato jika ukku da ƴan kai, daga baƙon wuni ɗaya a ranakun cunkoso. A Barselona ta Spaniya, a wannan shekarar, ƴan gari suka fito suna fesa wa baƙi ruwa. Masu gidaje sun fi son ba baƙi haya, kuɗin haya ya fi ƙarfin talaka.

Mu ma mun ɗanɗana. Mota ta tsaya, yara su bar lekol su bi ta suna "kado! kado!" Baƙo ya ɗauki hoton mace tana ginin tulu, bai yi sallama ba. A wajen Gerewal a kewaye samarin Woɗaaɓe da na'urar hoto kamar dabbobi a kasuwa. Mafi muni shi ne sayar da kayan kakanni. A Bura, ƙasar Tera, an gano tsofaffin tukwane da gumakan yumɓu a 1975. Mutane suka yi ta haƙa suna sayarwa da araha, kayan suka ƙare a Turai. Tulun bana, in an saye, a gina wani. Na kakanni fa?

In lafiya ta samu, baƙi za su dawo. Kafin nan, a zauna da mai gari da mai unguwa. Masu ginin tukwane su haɗa baki kan farashi, kada dillali ya cinye ribar. Mai ja wa baƙo gora ya zama ɗan gari. Ba hoto sai da izini. Wanda ya zo da alheri don yara, a raka shi wurin malamin lekol.