Hirar Tanti a Gindin Eberest: Kuɗi, Numfashi da Shara

A duk watan Afrilu, wani gari na tantuna yakan tsiro a kan ƙanƙarar Khumbu da ke arewa maso gabashin ƙasar Nepal. Nan ne sansanin farko na masu hawan Eberest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya. Sansanin kansa yana kan tsayin mita 5,364, wato ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, fiye da sau biyu. Baƙi daga Amurka, Indiya, Sin da ƙasashen Turai ne ke taruwa a wurin, tare da ja-gorori, masu dafa abinci da 'yan dako, waɗanda da yawansu 'yan ƙabilar Sherpa ne.

Tafiyar takan ci mako shida zuwa takwas, amma yawancin kwanakin a zaune ake yin su, ana jiran jiki ya saba da ƙarancin iska, ana kuma jiran guguwar saman dutsen ta lafa. Zaman jira kuwa sai da hira. A tantin cin abinci, ana kurɓar shayi, ana taɓa gwamnati, a taɓa magani, a taɓa shara. Ko ta ina aka faro, zancen yakan dawo kan abu ɗaya: wa ke ɗaukar haɗarin, wa kuma ke kwashe kuɗin?

Siyasar dutse

Babu baƙon da zai hau Eberest ta ɓangaren Nepal sai da takardar izinin gwamnati. An yi shekara goma ana biyan dala 11,000 kan kowane mutum a lokacin bazara, kuma a 2023 kaɗai gwamnati ta ba da izini 478. Ga ƙasa matalauciya, wannan ba ƙaramar hanyar samun kuɗi ba ce. Baƙi na ƙorafin cewa ana sayar da takardar ga duk mai kuɗi, ko da bai taɓa hawan wani babban dutse ba. 'Yan Sherpa su ma suna da nasu kukan: kuɗin na tafiya Katmandu, babban birnin ƙasar, su kuwa da ke ɗaure igiyoyi da ɗaukar kaya kaɗan ke isowa gare su.

Wannan kuka ya fito fili a ranar 18 ga Afrilun 2014. Wani ƙaton ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle ya afka wa ma'aikata a mashigin Khumbu, wurin da ake tsallake ramuka masu zurfi a kan tsani. Mutum 16 suka mutu, dukkansu 'yan Nepal. Dalilin da ya sa babu baƙo a cikinsu a bayyane yake: baƙo yakan ratsa mashigin sau kaɗan, ma'aikaci kuwa yana kai da komowa da tantuna, abinci da tukwanen iskar oksijin. Da gwamnati ta yi tayin rufi 40,000 ga kowane iyali, kimanin dala 400 a lokacin, sai ran ja-gororin ya ɓaci, suka ajiye aiki. Hawa ta ɓangaren Nepal ya kusan tsayawa cak a shekarar, kuma dole aka ƙara kuɗin inshorar rayukansu.

Shekara guda kafin nan ma an ba hamata iska a sansani na biyu, tsakanin 'yan Sherpa masu ɗaure igiya da wasu shahararrun Turawa uku, ciki har da Ueli Steck da Simone Moro. Har yau mahawa ba su daidaita kan wanda ya fara laifi ba, amma da yawa sun yarda cewa rigimar ta tono wani tsohon ƙulli game da raini.

Akwai kuma siyasar manyan ƙasashe. Dutsen yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet na ƙasar Sin. A 2008, da Sin za ta hau da fitilar wasannin Olamfik zuwa ƙololuwa, ta rufe ɓangarenta ga baƙi, Nepal kuma ta girke jami'an tsaro a nata. Wani Ba'amurke da aka samu da ƙyallen neman 'yancin Tibet a jakarsa, korarsa aka yi daga dutsen. Ko tsayin dutsen sai da ya zama abin jayayya: Sin ta daɗe tana auna tsandaurin dutse kawai, Nepal na haɗawa da ƙanƙarar da ke kansa, sai a Disamban 2020 suka sanar da mita 8,848.86 tare.

Numfashi da magani

Idan hira ta juya kan lafiya, kowa a tantin likita ne. A sansanin farko, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. A ƙololuwa kuwa kashi ɗaya cikin uku. Ciwon kai, amai da rashin barci su ne gaisuwar farko. Sai busasshen tarin da aka laƙaba wa sunan Khumbu, wanda kan tsananta har ya tsaga haƙarƙari. Mafi muni su ne taruwar ruwa a huhu da kumburin ƙwaƙwalwa. Mai wannan na biyun yakan riƙa tangaɗi, yana magana ba kan gado, kuma babban maganinsa shi ne a sauko da shi nan take. Tun 2003 akwai ƙaramin asibitin tanti a sansanin, wanda wata likita Ba'amurkiya, Luanne Freer, ta kafa tare da ƙungiyar ceto ta Himalaya.

Tsohuwar gardama ita ce ta tukunyar iska. Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka fara kai wa ƙololuwa a ranar 29 ga Mayun 1953, da ita suka hau. A 1978 Reinhold Messner da Peter Habeler suka hau ba tare da ita ba, abin da mutane da yawa ke ganin ba zai yiwu ba. Tun daga nan aka rabu gida biyu. Wasu na cewa mai shaƙar iskar tukunya ya rage wa dutsen tsawo ne kawai. Wasu kuma na cewa komawa gida da yatsu goma da cikakken hankali ya fi wannan alfahari. Ja-gorori sukan ƙara da nasu: tukwanen nan ba tashi sama suke yi da kansu ba, a bayan wani suke hawa.

A Mayun 2025 gardamar ta sami sabon babi. Wasu tsofaffin sojojin Birtaniya huɗu sun shaƙi iskar zenon a Jamus, suka yi makonni suna kwana a tantunan rage iska a gidajensu, sannan suka tashi daga Landan, suka hau ƙololuwa, suka koma gida cikin mako guda. Mai kamfanin da ya shirya tafiyar, Lukas Furtenbach, ya kare ta da cewa rage kwanaki a kan dutse rage haɗari ne. Ƙungiyar mahawa ta duniya ta yi gargaɗin cewa babu tabbacin amfanin iskar. A Nepal kuwa damuwar ta abinci ce: baƙon da zai yi mako ɗaya ba ya buƙatar mai dafa abinci na wata biyu.

Sama da mita 8,000 ake kira yankin mutuwa, kuma nan ne tambayar da ta fi ɗaci take: a tsaya a ceci wanda ya gaza, ko a wuce shi? A 2006 wani Baturen Ingila, David Sharp, ya mutu a gefen hanya bayan mahawa da dama sun wuce shi. Hillary da kansa ya yi tir da abin. Masu kare waɗanda suka wuce na cewa a wannan tsayi mutum da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle wani. A 2019 kuma hoton da Nirmal Purja ya ɗauka na dogon layin mutane a dab da ƙololuwa ya zagaya duniya. Mutum 11 suka mutu a dutsen a wannan kaka.

Shara a wuri mai tsarki

'Yan Sherpa mabiya addinin Buda ne, suna kiran dutsen Chomolungma, kuma ba sa fara hawa sai an yi addu'ar neman izini a sansani. Shi ya sa batun ƙazanta ke yi musu zafi. Yagaggun tantuna, gwangwanaye da tukwanen iska sun taru a sansanonin sama, sanyi kuma ba ya barin komai ya ruɓe. A 2014 aka kafa dokar cewa kowane mahayi ya sauko da shara kilo 8, a 2024 kuma hukumar yankin ta wajabta wa mahawa yin bahaya a cikin jaka ta musamman su sauko da ita. Sojojin Nepal ma sun fara hawa kwashe shara da gawarwaki a 2019.

Ƙanƙarar da sansanin ke kanta tana narkewa saboda ɗumamar yanayi. A 2022 gwamnati ta kawo shawarar mayar da sansanin ƙasa kaɗan, amma ja-gorori da kamfanoni suka ƙi, domin hakan zai tsawaita tafiyar da suke yi da kaya zuwa mashigi mafi haɗari. Aka janye shawarar.

Mutumin da ya fi kowa hawan Eberest ɗan Sherpa ne, Kami Rita, wanda ya kai ƙololuwa karo na 31 a Mayun 2025, kuma ya sha kokawa a gaban 'yan jarida cewa gwamnati ba ta kula da ja-gorori yadda ya kamata. Iyalai da yawa a Khumbu yanzu makaranta suke tura 'ya'yansu don kada su gaji sana'ar. Daga Satumban 2025 Nepal ta ɗaga kuɗin izini zuwa dala 15,000, kuma abin da ma'aikatan dutsen ke jiran gani shi ne nawa daga cikin ƙarin zai shiga inshora, fansho da kula da marayun waɗanda ƙanƙara ta binne.